Zangon Agege da Shekarun da Aka Rufe Iyaka

Ba a iya ba da tarihin Zangon Agege sai an fara da goro, domin shi ne ya tara mutanen wurin, shi ne kuma ya zaunar da su. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Iddo ta ratsa Agege, ta isa Ibadan a 1901, ta kuma kai Kano a 1912, fataken da kakanninsu suka saba cinye watanni a kan hanyar Gwanja da jakuna da takarkarai suka ga cewa abin da ake zuwa nema a Salaga ya soma yin 'ya'ya a gonakin Yarbawa na Ifako da Otta da Ifo, inda manoma irin su J. K. Coker suka dasa koko da goro da yawa. Sai aka sami masu gida suka kafa zaure kusa da tasha, suna sauke baƙi, suna ajiye musu kuɗi, suna tsaya musu wajen ciniki, dillalai suna cin la'ada, yara suna zaɓe, ana ware marsa daban, minu daban, ana fitar da wanda sankara ta taɓa, a shimfiɗa ganye a yayyafa ruwa a ɗaure huhu, a ɗora wa jirgi ya nufi Arewa. Waɗanda suka cika waɗannan zaurukan kuwa ba Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa kaɗai ba ne. Akwai mutanen Maraɗi da Tasawa da Ƙonni da Damagaram, waɗanda Turawa suka rubuta su a littafin Faransa, amma ba wanda ya taɓa tambayarsu wace tuta ake ɗagawa a garinsu, tun da sallarsu ɗaya da ta kowa, harshensu ɗaya, galibi ma kakan wannan ƙanin kakan wancan ne.

Wannan hali shi ne ya sauya a shekarar 1940, kuma abin da ya sauya shi ya faru ne a wata nahiya da mafi yawan mutanen Zango ba su taɓa gani ba. A watan Yuni na shekarar nan Jamus ta karya Faransa, aka sa hannu a takardar ajiye makamai ran 22 ga wata, sa'an nan ran 10 ga Yuli 'yan majalisar Faransa suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Vichy, suka damƙa wa wani tsohon soja, Marshal Petain, dukan iko, na yin doka da na zartar da ita. Ya soke jamhuriya, ya cire kalmomin 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka daga hatimin ƙasa, ya maye gurbinsu da aiki da iyali da ƙasar haihuwa, ya kafa mulkin mutum ɗaya wanda ya ɗauko kamanninsa daga na Hitila da Musolini. Masana suna da saɓani a kan ko za a kira shi Fasist tsantsa ko ɗan'uwansa na kusa, amma wannan muhawara ce ta masu littafi. Wanda aka ɗaure bai ga bambanci ba. Babban Gwamnan da ke Dakar, Pierre Boisson, ya yi wa Petain mubaya'a, ya ja dukan ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma tare da shi, har da Nijar da Dahome. Gwamnan Chadi kuwa, Felix Eboue, wanda baƙar fata ne, ya bi Janar De Gaulle, abokin hamayyar Petain, ran 26 ga Agusta, Kamaru ta bi washegari. Da Ingilishi da mutanen De Gaulle suka kai wa Dakar hari ta teku daga 23 zuwa 25 ga Satumba aka kore su, sai gaba ta fito fili, aka wayi gari iyakar da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi, da ta Daura da Magarya, da ta Illela da Ƙonni, da wadda ke yamma da Ikko, wato Legas, a hanyar Badagry, duk sun zama iyakokin abokan gaba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa talakan Nijar bai koyi zalunci daga Petain ba, ya riga ya san shi tun kafin a ji sunan Vichy. Tun farkon mulkin Nasara akwai dokar da aka keɓe wa 'yan ƙasa, wadda ta ba kumandan ikon ya jefa mutum gidan kaso na wasu kwanaki, ko ya ci shi tara, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara, a kan laifin da bai wuce jinkirin biyan lanho, wato haraji, ba, ko ƙin fitowa aikin hanya, ko abin da kumandan ya ga dama ya kira rashin ladabi. Akwai aikin dole, akwai ɗibar samari soja, akwai rumbunan tsimi da aka tilasta wa kowane gari bayan yunwar 1931, waɗanda aka ce don maslahar talaka aka yi su, alhali mabuɗinsu ba a hannunsa yake ba. Abin da zamanin Vichy ya ƙara shi ne ya cire wa wannan tsari ɗan abin da ya rage masa na kunya. A da Bafaranshe yakan yi zalunci yana cewa na ɗan lokaci ne, wata rana baƙi za su zama daidai da shi. Yanzu kuwa gwamnati da bakinta take cewa mutane ba daidai suke ba, Allah ya halicci wasu don umarni wasu don ɗa'a. Aka rushe ƙungiyoyin ma'aikata da aka halatta a 1937, aka dakatar da majalisun da ake zaɓa a biranen Senegal, aka kori Yahudawa daga aikin gwamnati, aka kafa ƙungiyar tsoffin sojoji wadda rabin aikinta fareti ne, rabi kuma sa ido a kan maƙwabta. Aka liƙa hoton Marshal a ofisoshi da makarantu, yaran lakwal suna rera masa waƙar yabo a gaban tuta. A manyan garuruwa kuwa rabon kayan masarufi na Bature daban, na baƙi daban, har a Kwaddibuwa ana biyan manomi Bature kuɗin kokonsa fiye da yadda ake biyan maƙwabcinsa baƙi a kan kaya iri ɗaya. A Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram tun 1926, aka ɗora soja, Janar Falvy, a kan kujerar gwamna daga ƙarshen 1940, kafin Jean Toby ya gaje shi a 1942.

Amma ni a ganina mafi nauyin abin da aka yi wa talaka a shekarun nan shi ne toshe masa hanyar fita. Bahaushe tun fil azal ba shi da majalisar da zai kai kuka, ba shi da jaridar da zai rubuta wa. Abin da yake da shi ƙafa ce. In sarki ya tsananta, sai a kwance danga da dare, a kora awaki, a koma ƙasar wani sarki, kuma sarakuna sun san haka, shi ya sa mai hankali a cikinsu yakan sassauta kafin gari ya watse masa. Malamai kuma sun ba wannan ɗabi'a asali a shari'a, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum a kan wajabcin hijira, Sarkin Musulmi Attahiru kuwa a kan hanyarta ya yi shahada a Burmi a 1903. Tun da aka ja iyaka tsakanin Ingilishi da Faransa, mutanen kudancin Nijar suka riƙe ta a matsayin ƙofar baya: in lanho ya yi nauyi, ko an zo ɗibar soja, sai a tsallaka Katsina ko Daura ko Sakkwato, in ƙura ta lafa a komo. Da Vichy ta zo sai ta mai da wannan tsallakawa cin amanar ƙasa. Mutumin da ya je sunan ɗan ƙanwarsa a Jibiya, in ya komo, ana iya cewa ɗan leƙen asirin Ingilishi ne. Wanda aka samu da turmin alawayyo, ko sulalla masu hoton Sarkin Ingila, ko wata takarda da aka buga a wancan ƙetaren, sai ya yi bayani a gaban kumandan ta bakin tafinta, tafintan kuwa shi ma yana tsoron kada a ce ya sassauta. Zumunci da fatauci, waɗanda su ne ginshiƙan zaman Hausawa, suka koma abin tuhuma, mutum ya riƙa auna maganarsa a gaban surukinsa.

Cewa hukuncin ba wasa ba ne, mutanen Ikko sun fi kowa sani, domin abin ya samo asali a bakin ƙofarsu. Ran 10 ga Nuwamba 1941 aka harbe mutum biyu 'yan Porto-Novo a Dakar, Albert Idohou da Agoussi Wabi, tare da wani ɗan Nijeriya, Aloysius Odewole, bisa zargin yi wa Ingilishi aiki a kan iyakar Dahome. Ba manyan mutane ba ne. Cikin 'yan Porto-Novo ɗin, ɗaya ma'aikacin kanti ne, ɗaya ɗan kasuwa. Turawan da aka kama da irin wannan laifi galibi ɗauri aka yi musu ko aka sallame su daga aiki, harsashi kuwa aka tanadar wa baƙi. Malamai ma ba su tsira ba. Gwamnatin ta jawo waɗanda suka yarda su zaga gari suna wa'azin biyayya, ta yi musu alheri. Wanda ya ƙi kuwa ta nuna masa ƙarfi. Shehu Hamallah na Nioro, shugaban wani reshe na Tijjaniyya, an kama shi a 1941, aka kai shi Aljeriya, daga can aka wuce da shi Faransa, inda ya rasu a garin Montlucon a Janairun 1943, nesa da almajiransa, waɗanda aka harbe wasu aka kuma tura wasu sansanonin ɗauri. Mafi yawan malaman ƙauye, waɗanda ba su da ƙarfin tsayawa kuma ba su da niyyar sayar da addininsu, suka zaɓi taƙiyya: su yi shiru a fili, su yi alƙunutu a ɓoye.

Sai kuma maganar ciki da sutura, wadda ita ce ta shafi kowa, har wanda bai taɓa jin sunan Petain ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi, a zuba ta a jirgi zuwa Apapa, domin ita ce hanyar teku mafi kusa. Da aka rufe iyaka sai cinikinta ya mutu, manomi ya rasa inda zai samo tammar da zai biya lanho, alhali lanhon bai mutu ba. Jiragen ruwan Ingilishi kuma sun tare teku, kantunan Faransawa suka bushe: ba yadi, ba sukari, ba kananzir, ba ashana. Mata suka koma kaɗi, masaƙa suka kakkaɓe ƙurar allirarsu, aka koma fitilar man gyaɗa da ƙyastu, har likkafani ya zama abin da ake roƙo gida gida. A kan wannan kuma gwamnati tana karɓar gero da dabbobi da fatu a farashin da ita ta yanka, tana kafa gandun da kowane gida zai ba da hannu a nome mata kafin ya taɓa tasa gonar. A Gini an ɗora wa kowane ƙauye awon ɗanyen roba da zai kawo daga daji, a Sudan ta Faransa ana kora samari aikin dam na Markala, a can hamadar Aljeriya da Maroko kuwa fursunoni, har da Yahudawa da 'yan gudun hijirar Sifen, suna shimfiɗa layin dogon da Vichy ta yi mafarkin zai haɗa Bahar Rum da kogin Kwara, wanda bai taɓa ƙarewa ba. Daminar da ta yi gardama ta zo ta cika sauran, aka shiga yunwar 1942 da mutanen Arewa suke kira 'Yar Gusau.

Da yake ciki ba ya sanin doka, fasa-ƙwauri ya zama sana'ar salihai. Yadda dattawa suke ba da labarin, akan tashi ne bayan lisha a daren da babu farin wata, mutum uku ko huɗu da jakuna biyu, a cire musu duk abin da zai yi ƙara, a bi burtali da gindin ƙaya maimakon hanyar mota, a ba yaro ɗaya tazara a gaba don in ya ji takun dokin gardi ya yi kukan mujiya. Ana tsallako da akuya da kanwa da fata, a koma da yadi da goro. Goron nan kuwa, wanda wataƙila makonni kaɗan da suka wuce wani yaro ya zaɓe shi a zauren Agege, akan kwance huhunsa a Kano ko Katsina, a rarraba shi ƙwarya ƙwarya, a cusa a ƙarƙashin buhun dusa ko a cikin tulu, domin ko ana yaƙin duniya ba a ɗaura aure ko raɗa suna ba goro. In ya isa Tasawa, guda ɗaya akan fasa shi huɗu a raba wa dattawa. Sarakunan ƙauyukan bakin iyaka sun san duk wannan, da yawansu suka zaɓi su kau da kai, ko don tausayi, ko don rabonsu yana isa gida kafin asuba. Wasu lokuta ma sarkin ne da kansa yake ƙaura: a Janairun 1942 Sarkin Gyaman na ƙasar Bonduku, garin da fataken goro suka sani da sunan Bitugu, ya kwashi dubban mutanensa ya tsallaka Gwalkwas, abin da ya kunyata Boisson ƙwarai.

Daga cikin waɗanda suka tsallako Nijeriya, mafi yawa a Katsina da Kano suka tsaya cin rani, amma mai ɗan'uwa a Kurmi yakan nemi kuɗin jirgi ya gangaro. Irin wannan baƙo, in ya sauka a tashar Agege da 'yar jakarsa da buta, ba ya rasa wanda zai kai shi zauren mutumin garinsu. Maigida ba ya fara da tambayar abin da ya koro shi. Sai ya ce, "Sannu da hanya, ɗana, yaya ka baro su Baba?" Shi kuwa ya durƙusa ya ce, "Suna gaishe ka, Maigida, sai dai gari ya yi zafi." Daga nan an gama magana, a ba shi ruwa da tabarma, gobe a sa shi ɗaukar kwando ko yayyafa wa huhu ruwa, in wani ɗan sanda ya tambaya a ce Bakatsine ne, wanda kuma ba ƙarya ba ce ƙwarai, tun da sarautar Maraɗi ta Katsinawan da jihadi ya kora ce. Sai bayan kwana biyu, in dare ya yi an watse, shi ne zai buɗe baki ya faɗi wanda aka ɗaure, da wanda aka karɓe wa raƙumi, da wadda mijinta ya tafi soja tun 1939 ba a san ko yana hannun Jamus ko yana kabari ba. Ta haka Zango ya riƙa jin labarin ƙasar Faransa kafin ofisoshin Legas su ji. Da rana kuwa akan sami mai boko ya karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kan kujerar edita, a ji yadda sojojin Nijeriya suka kori Italiyawa daga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka ratsa Harar, har Addis Ababa ta faɗi a Afrilu. Mutanen Ikko sun daɗe da jin haushin Musolini, tun da ya afka wa Habasha a 1935 aka yi tarurrukan la'antarsa a cikin birni, saboda haka labarin ya yi musu daɗi.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wanda ya gudo bai faɗo aljanna ba. Ingilishi ma yaƙi suke yi, kuma da jikin talaka suke yinsa. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, gwamnatin Nijeriya ta Gwamna Bourdillon ta kafa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, aka riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa ta hannun hakimai har zuwa 1944, sanyin tsauni da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. A Legas gishiri ya yi wuya, aka hana kunna fitila da dare, aka kafa tsarin Kyaftin Pullen na ƙayyade farashin abinci, wanda matan kasuwa ƙarƙashin Alimotu Pelewura suka yi ta yaƙa. Jiragen sama da ake harhaɗawa a Takoradi suna bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar, jirgin ƙasa kuma ya ba kayan soja fifiko, har huhun goro yakan kwana a tasha yana zufa mai shi yana salati. Bambancin da ke akwai, wanda ban raina shi ba, shi ne a nan Pelewura tana iya tara mata ta je ta faɗa wa hukuma ba ta yarda ba, jaridar Azikiwe tana iya bugawa, ma'aikata suna iya yajin aikin da suka yi na kwana 44 a 1945. A can kuwa ko tari mutum ya yi sai ya duba wa ke bayansa.

Ƙarshen abin ya zo ba tare da an yi ɗauki ba daɗi a ƙasar Hausa ba. Da Amurka da Ingila suka sauke runduna a Afirka ta Arewa ran 8 ga Nuwamba 1942, Boisson ya ga iska ta juya, kafin watan ya ƙare ya koma ɓangarensu, ya kuma ci gaba da zama a kujerarsa har tsakiyar 1943. Aka sauke hoton Marshal aka ɗora na De Gaulle, kumandan kuwa galibi shi ne dai na jiya, Toby ma ya zauna a Yamai har 1954. Karɓar gero da gyaɗa da ɗibar ma'aikata ba su ragu ba, a wurare da yawa ma ƙaruwa suka yi, sai dai yanzu da sunan 'yantar da Faransa ake yi. Sojojin baƙi da suka komo daga kurkukun Jamus suka nemi haƙƙinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe musu wuta ran 1 ga Disamba 1944, kuma ba gwamnatin Petain ce ta yi wannan ba. Sai a 1946 aka soke dokar da ta ba kumandan ikon ɗauri ba shari'a, aka haramta aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouet-Boigny ran 11 ga Afrilu, a watan Mayu kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai.

Daga cikin waɗanda suka sauka Agege a shekarun nan, wasu sun koma da aka buɗe hanya, sai dai mutanen Maraɗi sun tarar da garin da suka bari ba ya nan, domin ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon birnin da ke cikin fadama, hukuma ta tayar da shi zuwa kan tudu ta yanka masa tituna miƙaƙƙu. Wasu kuwa sun riga sun yi aure, sun tashi daga ɗaukar kwando zuwa dillanci, suka zauna, jikokinsu ne a yau suke cewa su 'yan Agege ne. Waɗanda suka koyi hanyoyin dare ba su manta da su ba, kuma da Faransa ta ƙirƙiro wa ƙasashenta na Afirka kuɗin sefa a Disambar 1945, sai aka sami sabuwar haja da ake tsallakawa da ita, masu canjin dala da sule suka shimfiɗa tabarminsu a Maraɗi da Kano da Ikko.